Waƙar soyayya ta Italiyar da: wai ina kiɗan ya shiga?

Akwai wani tsohon kundi a laburaren Fadar Paparoma da ke Rum, lambarsa Vaticano Latino 3793, an rubuta shi da hannu a birnin Fulorans wajen ƙarshen ƙarni na 13, yana ɗauke da waƙoƙi kusan 1,000 kuma mafi yawansu na soyayya ne. Shi da wasu kundaye biyu 'yan zamaninsa da ke ajiye a Fulorans su suka riƙe mana galibin abinda ya rage na waƙar Italiyanci ta farko-farko. Toh abin ɗaure kan shine ka buɗe su daga bango zuwa bango ba zaka ga alamar kiɗa ko ɗaya ba, babu layukan nan da ɗigo-ɗigo da Turawa ke rubuta karin murya da su, kalmomi ne zalla. Alhali sunayen da masu waƙoƙin suka raɗa musu duk na kiɗa ne, canzone abin rerawa, sonetto ɗan ƙaramin sauti, ballata kuma ta rawa. Shekara da shekaru masana suna kai ruwa rana akan wannan, shin rera su ake yi ko karantawa, in kuma karantawa ake yi toh daɗin sautin da ake ji a cikinsu daga ina ya zo.

Asalin sana'ar ba ta Italiyawa bace, aro suka yi. Tun wajen shekarar 1100 akwai mawaƙan fada a kudancin Faransa da ake kira turubado, suna waƙa da harshen Oksitan, kuma su kam babu gardama, mutum ɗaya ne yake tsara kalmomi ya kuma sa musu kari, ko shi ya rera ko ya ba yaronsa ya zaga fadodi da ita. Waƙoƙinsu wajen 2,500 suka tsira, cikinsu kamar 250 ne kawai suka zo da rubutaccen kari. Da yawansu sun tsallaka arewacin Italiya suna cin abinci a gidajen manya irin su Monferrato da Este da Malaspina, balle bayan yaƙin da Paparoma ya ƙaddamar akan kudancin Faransa daga 1209 wanda ya tarwatsa fadodin da ke ɗaukar nauyinsu. Har 'yan Italiya irin su Sordello suka riƙa waƙa da Oksitan ɗin tunda a lokacin shi ne harshen waƙar soyayya.

Waɗanda aka saba cewa su suka fara yi da nasu bakin su ne mutanen fadar Sarki Frederick na biyu, sarkin Sisili kuma shugaban Daular Rum Mai Tsarki, tsakanin wajen 1230 zuwa rasuwarsa a 1250. Anan ya kamata mutum ya tsaya ya dubi su waye mawaƙan, dan rabin amsar tana nan. Giacomo na Lentini magatakarda ne, aikinsa rubuta takardun sarki da shaidar yarjejeniya. Guido delle Colonne alƙali ne a Messina. Pier della Vigna shi ne babban na hannun daman sarki a harkar takardu da shari'a, kafin a zarge shi da cin amana a ƙwaƙule masa ido a 1249. Jacopo Mostacci mai kula da shahunan farautar sarki ne. Duk cikinsu babu wanda yake cin abinci da makogwaronsa, ma'aikatan gwamnati ne, galibinsu sun sha Latin da doka, alƙalami ne kayan aikinsu, waƙa kuma abin gwada basira ce bayan an tashi ofis. Akwai wata waƙar turubado Folquet na Marseille da Giacomo ya juya zuwa Sisiliyanci, shi Folquet ya buɗe da cewa uwargida zan rera miki, shi kuma Giacomo ya ce uwargida zan faɗa miki. Masu cewa an rabu da kiɗa suna son wannan misalin sosai.

Kuma a hannun Giacomo ɗin ne ake ganin sonetto ta fara bayyana, ɗango 14, takwas a sama shida a ƙasa, wadda tun tana jaririya aikin wasiƙa aka sa ta. Mostacci ya aika tambaya cikin sonetto wai shin so wani abu ne mai zaman kansa ko suna ne kawai, Pier della Vigna ya amsa da tasa, Giacomo ya rufe da tasa yana cewa ta ido so ke shiga kafin zuciya ta raine shi. Wannan muhawarar malamai ce, a takarda ake yinta.

Daga nan ne manyan masanan Italiya na ƙarni na 20, Gianfranco Contini da kuma Aurelio Roncaglia a wata maƙalarsa ta 1978, suka tsaya akan cewa a Italiya an yi sakin aure tsakanin waƙa da kiɗa, da kalmar saki ɗin suka yi amfani ba ni na ƙirƙira ba. Maganar tana da ƙarfi, amma ni inaga in ma saki ne toh saki ɗaya ne. Dalili na farko, kundayen turubado da yawa a Italiya aka kwafe su, kuma kusan dukkansu babu alamar kiɗa, alhali mun tabbata waɗancan rera su ake yi. Kenan rashin alamar kiɗa a littafi ɗabi'ar masu kwafa ce da masu sayen littafin, attajirin Fulorans da ya sa a tara masa waƙoƙi abin karantawa yake so. Rubutun kiɗa a lokacin ilimin coci ne, tun da Guido na Arezzo ya gyara tsarin layukan a ƙarni na 11 a hannun limamai da 'yan zuhudu yake, yana da tsada yana cin fata da tawada. Shi yasa waƙoƙin yabon addini da ake kira lauda, waɗanda ƙungiyoyin ibada ke rerawa tare, su suka samu gata, kundin garin Cortona kaɗai yana da guda 46 da karinsu a rubuce. Masanin tarihin kiɗa Nino Pirrotta ya daɗe yana nanata cewa mafi yawan kiɗan Italiya na wancan zamani a ka yake, daga baki zuwa kunne, abinda aka rubuta ɗan tsiraru ne.

Mu da muka saba da rubutacciyar waƙa bai kamata wannan ya mana wuyar ganewa ba, malami zai zauna ya tsara baitocinsa da ajami ko boko, ba ya rubuta raujin da za a rera su da shi, amma sai ka ji su a bakin makaho a ƙofar kasuwa ko ɗalibai ranar saukar karatu, daɗi kamar me. Wanda ya tsinci takardar bayan shekara 700 zai iya rantsuwa ba a taɓa rera ta ba.

Sai kuma a 1999 wani masani Alfredo Stussi ya fitar da wata waƙar soyayya da aka gano a bayan tsohuwar takardar ciniki a Ravenna, an ƙiyasta rubutunta tsakanin 1180 da 1210, wato ta girmi fadar Frederick, kuma akwai alamomin kiɗa a jikin takardar. Har yanzu ana jayayya akan yanda alamomin ke hawa kan kalmomin, amma dai ta nuna an yi waƙar soyayya da Italiyanci kusa da kiɗa tun kafin 'yan Sisili su ɗauki alƙalami.

Abinda ya faru a zahiri, a nawa fahimtar, rabon aiki ne. Wanda ya fi kowa nuna shi a fili Boccaccio ne a cikin Decameron, littafin labaran da ya rubuta bayan annobar 1348. A labari na bakwai na rana ta goma wata budurwa Lisa a Palermo ta kamu da son sarki har ta kwanta ciwo, sai ta kira makaɗi Minuccio ta faɗa masa sirrinta, shi kuma bai tsaya haɗa kalmomi da kansa ba, ya tafi wurin wani mai tsara waƙa Mico ya roƙe shi baitoci, da ya karɓo sai ya sa musu kari mai taushi ya je gaban sarki ya rera da gogensa, sarki ya tambaya ina wannan ta fito ban taɓa jinta ba, ya ce ai ko kwana uku ba a yi da yin kalmomin da sautin ba. Kaga mutum biyu, sana'a biyu. Dante, babban mawaƙin Fulorans, shi ma yana saurayi ya aika wa wani abokinsa Lippo baiti guda tare da sonetto yana cewa ga yarinya nan tsirara na turo maka ka yi mata sutura, kuma mafi yawan masu sharhi sun fahimci suturar da cewa kari ne. A wani kundin kuma na Fadar Paparoma an rubuta a saman waƙar wani Lemmo na Pistoia cewa Casella ne ya ba ta sauti.

Wannan Casella shi ne wanda Dante ya haɗu da shi a waƙa ta biyu ta Purgatorio, kashi na biyu na doguwar waƙarsa ta tafiya lahira, a bakin gaɓar dutsen tsarkake rayuka. Dante ya gaji da hanyar da ya biyo ta cikin wuta, ya roƙi abokin nasa ya rera masa irin waƙar soyayyar da a duniya take kwantar masa da hankali, sai Casella ya ɗauko waƙar Dante ɗin da kansa, Amor che ne la mente mi ragiona, wato so da ke zance da ni a cikin tunanina. Kowa ya tsaya cak, har Virgil mai yi masa jagora, sai da dattijo Cato mai gadin wurin ya daka musu tsawa suka watse kamar tattabarun da aka kora daga kan hatsi. Abin lura shine waƙar da ya zaɓa doguwar canzone ce mai ɗango 90, wadda Dante da bakinsa ya ce a littafin Convivio ba mace yake nufi ba, falsafa yake yabo. In har irin wannan mai nauyi za a iya ɗaukarta a rera ba tare da mai karatu na 1300 da wani abu ya ga baƙon abu ba, toh maganar cewa canzone ta daina shiga baki gaba ɗaya ba ta tsaya ba.

Amma fa kar mu zarce, dan Dante ɗin dai shi ne ya fi kowa nuna cewa ba kari ne a gabansa ba. A De vulgari eloquentia, littafin Latin da ya fara wajen 1303 zuwa 1305 yana gudun hijira bai kuma ƙarasa ba, ya ce mai busa ko mai kaɗa tsirkiya ba ya kiran sautinsa canzone sai in an aura masa kalmomi, amma mai tsara kalmomi yana kiran aikinsa canzone ko da tana kwance a takarda babu mai furta ta. Kuma ya fifita canzone akan ballata da hujjar cewa ita ta wadatu da kanta, ballata kuwa sai an nemo mata masu rawa. A Convivio ma ya yi wata magana da nake ganin ta fi kowacce tona asiri, ya ce ɗan guntun baitin ƙarshe da ake rufe canzone da shi mutanen da sun ƙirƙiro shi ne dan in an gama rerawa a komo kan wani sashe na karin, amma ni ba kasafai nake yinsa da wannan niyya ba. Ya san asalin abin, ya san dan me aka yi shi, ya kuma ce shi ya riga ya juya shi zuwa wani amfani.

Toh ina kiɗan ya shiga? Cikin ginin baitin ya shiga. Dante ya ce kowane baiti an tsara shi ne yanda zai iya karɓar kari, ko an sa masa ko ba a sa ba. Baitin canzone yakan fara da sassa biyu masu tsayi ɗaya da tsarin amsa-amo ɗaya, yana kiransu ƙafafu, dan a asali karin farko ake maimaitawa sau biyu, sai a zo wata mahaɗa inda murya ke juyawa zuwa sabon kari, sashen da ya biyo baya shi ne jela. Kuma duk baitocin waƙar dole su fito da siffa ɗaya sak, gaɓa da gaɓa, saboda da can kari ɗaya ne zai hau kansu duka. Da makaɗi ya koma gefe sai wannan tsari ya zauna, mai karatu yana jin maimaici yana jin juyi a kunnensa ko babu goge. Sonetto ma haka take, takwas ɗin farko kamar ƙafafu ne, shidan ƙarshe jela, kuma a wannan mahaɗar ne mawaƙi ke juya tunaninsa, inda a da murya ce ke juyawa.

Sai ɗangon kansa. Sarkin ɗangogi a wurinsu shi ne mai gaɓa 11, endecasillabo, sai ƙaninsa mai gaɓa 7. Ba irin arulin Larabci bane da ke auna doguwar gaɓa da gajera, su ƙirga gaɓoɓi suke yi sannan su duba inda nauyin murya ke sauka, dole ya sauka a gaɓa ta 10, sannan a ta 4 ko ta 6, sauran wuraren kuma mawaƙi ya yi yanda ya ga dama, wannan sassaucin ne yasa ɗango dubu za su wuce baka ji biyu sun yi tafiya iri ɗaya ba. Ga kuma wata dabara, Italiyanci kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, toh in ta gaba ta fara da wasali sai a narkar da su su zama gaɓa ɗaya. Ɗauki ɗangon farko na shahararriyar sonetto ɗin Dante akan masoyiyarsa Beatrice, Tanto gentile e tanto onesta pare. In ka ƙirga da yatsa 13 zaka samu, amma a baki 11 ne, dan le da e sun haɗe, to da o sun haɗe, kalmomin suna zubowa cikin juna babu inda harshe ke tuntuɓe. Waƙar gaba ɗaya haka take tafiya a hankali kamar yanda yarinyar ke wucewa a titi mutane suna yin shiru, kalmarta ta ƙarshe kuma umarni ne ga rai cewa ya yi ajiyar zuciya. Wannan laushin ne ake nufi da dolce a cikin sunan da Dante ya ba salon nasu, dolce stil novo, wato sabon salo mai zaƙi, salon da ya taso daga Guido Guinizzelli na Bolonya ya bi ta kan Guido Cavalcanti.

Kuma da gangan ake yi, ba dace bane. Dante ya zauna ya rarraba kalmomi kamar mai tsefe kai, akwai waɗanda ya kira tajajju, masu gaɓa uku ko kusa da haka marasa karo da baƙaƙe, irin su amore da donna da salute, akwai kuma masu gashi buzu-buzu da ya ce a riƙa cakuɗa su da tajajjun dan waƙa ta yi armashi. Da ya tashi yi wa wata mace mai zuciyar dutse waƙa wajen 1296 sai ya juya kayan aikin, ya buɗe da cewa so nake maganata ta yi kaushi kamar halinta, amsa-amon kuma ya zama aspro da diaspro, petra da impetra, baƙaƙe suna gwaruwa a baki kamar tsakuwa. Ni a wurina waɗannan na dutsen sun fi nuna gwanintar kunnensa fiye da masu zaƙin.

Akwai kuma abinda mu na yau muke mantawa, kalmar musica a makarantunsu ba ta tsaya ga abinda ake kaɗawa ba. Littafin da ake karantarwa na Boethius ne, wanda aka kashe wajen 524, kuma shi ya sa kiɗa a sahun lissafi, ya ce akwai kiɗan sammai da taurari, akwai na daidaiton jiki da rai, na kayan kiɗa shi ne na ƙasa, kuma masanin kiɗa na gaskiya shi ne mai gane ma'auni da hankali, mai kaɗawa da hannu ɗan aiki ne. Saboda haka in Dante ya ce waƙa ƙira ce da aka yi da balaga da musica, ƙirgen gaɓa da daidaiton sassa da amsa-amo duk suna ciki. Shi yasa ya ce duk abinda aka ɗaure da wannan ɗaurin ba a juya shi zuwa wani harshe ba tare da an fasa zaƙinsa ba, har ya kawo misali da Zabura.

Wani abin dariya ma ya faru da sautin 'yan Sisili. Masu kwafa na yankin Toskana sun riƙa mayar da kalmomin zuwa nasu lafazin, sai amsa-amon da ya zauna daidai a Sisiliyanci, kamar aviri da sirviri, ya koma avere da servire, ya karkace. 'Yan baya da suka karanta suka ɗauka ai haka magabata suka halatta, suka riƙa yin irinsa da gangan, har Dante. Waƙa ɗaya ce cikakkiya, ta Stefano Protonotaro, ta iso mana da ainihin bakin Sisili.

Ita ballata bata taɓa barin filin rawa ba. Tana farawa da amshi, sai ƙafafu biyu, sai wani sashe da ke komawa kan karin amshin ya kuma ƙare da amsa-amonsa dan 'yan amshi su ji lokacin shigowarsu ya yi. Wanda ya san zajal na Andalus zai ga kama, kuma masana sun daɗe suna gardama ko gado ne ko kowa da kansa ya gano. A Decameron kowace rana da ballata ake rufe ta, ana rawa ana amshi, Dioneo, ɗaya daga cikin masu ba da labaran, yana kaɗa lut, jikan udun Larabawa. Magatakardan Bolonya kuwa in sun ga fili ya ragu a rajistar ciniki sukan cike shi da waƙa, ballata da yawa ta nan suka tsira, har da wata sonetto ta Dante a rajistar 1287 yana ɗan shekara 22. Cavalcanti, mutumin da ya rubuta canzone akan so mai tsaurin da sai da likita Dino del Garbo ya yi mata sharhi da Latin, shi ne kuma ya ɗauki wannan waƙar rawa ya zuba mata maganar mutuwa da rabuwa da gida, yana aiken ballatar kamar 'yar aike zuwa ga masoyiyarsa tunda shi baya sa ran komawa.

Ko ana so ko ba a so dai mutanen gari suna rerawa. Franco Sacchetti, wanda aka haifa bayan rasuwar Dante, ya kawo labarin wai Dante ya wuce maƙera ya ji maƙeri yana rera baitocinsa yana yanke wasu yana ƙara wasu, sai ya shiga ya kwashi guduma da awartaki ya watsar a titi, maƙeri ya ce kai lafiya kake ɓata min kaya, ya ce kai ma nawa kake ɓatawa. Ƙila ƙagagge ne, amma ba a ƙaga irin wannan akan waƙar da ba ta fita daga littafi.

Rubutaccen kiɗan soyayya bai yawaita ba sai a ƙarni na 14, bayan Marchetto na Padova ya tsara yanda za a rubuta tsawon sauti wajen 1318, kuma dalilin a fili yake, an fara yin waƙa mai murya biyu ko uku da ke tafiya tare kowacce da hanyarta, irin wannan ba ta zama a ka kawai. Jacopo na Bolonya da Giovanni na Cascia suna gasa a fadojin Verona da Milan, sai daga baya Francesco Landini a Fulorans, wanda agana ta makantar tun yana yaro, gwanin ƙaramin ogan na hannu, ya rasu 1397 ya bar waƙoƙi sama da 150, wajen 140 ballata ne. Babban kundin Squarcialupi na wajen 1410 zuwa 1415 ya tara sama da 350 na wannan zamani. Amma ka duba kalmomin da suke ɗorawa kiɗa, gajeru ne marasa nauyi, madrigale da ballata, saboda makaɗin yana so ya kama gaɓar farko ta ɗango ya ja ta ya lanƙwasa ta ya yi ta wasa da ita, haka ma ta kusa da ƙarshe, in ka ba shi canzone mai cike da hujjoji ma'anar zata nutse. Mawaƙa irin su Sacchetti sun san haka, suna rubuta na makaɗa daban, har yana sa sunan wanda ya yi wa kowacce kari a gefen littafinsa.

Petrarca, 1304 zuwa 1374, shi ne inda abin ya kai maƙura. Mutum ne mai son kiɗa, yana da abokai makaɗa, a wasiyyarsa ta 1370 ya bar wa Tommaso Bambasi na Ferrara lut ɗinsa mai kyau. Amma littafin waƙoƙinsa na Laura, matar da yake so, guda 366, a ciki sonetto 317 ne, canzone 29, sestina 9, ballata 7 kacal, madrigale 4. Kaga nau'o'in da makaɗa ke so su ne 'yan kaɗan. Kuma a iya abinda ya iso mana, guda ɗaya tak aka sa wa kari yana raye, madrigale mai ɗango takwas da Jacopo na Bolonya ya yi wa murya biyu. Duk da haka ɗangon farko na littafin da masu sauraro yake magana, ku da kuke jin sautin ajiyar zuciyata, bai ce ku masu karatu ba. Takardun gwajinsa suna nan a Fadar Paparoma, zaka ga ya soke ɗango ya sake, yana rubuta wa kansa 'yan bayanai da Latin a gefe har da kwanan wata, a kan wata waƙar makokin Laura ya rubuta cewa wannan farkon bai kai baƙin cikin da ake so ba, ya canza shi. Shekaru ya kwashe yana wannan gyaran kunne. Sunan Laura kansa ya mayar da shi abin kaɗawa, l'aura iska, lauro itacen da ake naɗa wa mawaƙa ganyensa, l'oro zinariyar gashinta, sauti kusan ɗaya yana ta dawowa da fuska daban-daban. Wani lokacin har yakan gundure ni gaskiya, santsin ya yi yawa, amma ba a ƙwace masa iya jera wasula.

Makaɗa ba su rufar masa da gaske ba sai bayan kusan shekara 150. Pietro Bembo ya shirya bugun waƙoƙinsa a Benis a 1501, sannan a littafinsa na 1525 ya bi su wasali da wasali, baƙi da baƙi, yana nuna wane sauti ke kawo nauyi wane ke kawo daɗi, nisan da ke tsakanin amsa-amo biyu me yake yi wa kunne. Makaɗan ƙarni na 16, Adrian Willaert da Cipriano de Rore da Luca Marenzio har zuwa Monteverdi, suka ɗauki wannan karatu suka mayar da Petrarca mawaƙin da aka fi sa wa kiɗa a zamanin. Sai dai kiɗan da suka kawo ba irin wanda aka gina baitin dominsa bane. Babu maimaita kari ɗaya akan ƙafafu biyu, sukan raba sonetto gida biyu, takwas daban shida daban, su ba muryoyi biyar ko shida, kowace jimla da sabon sautinta gwargwadon abinda take faɗa, in an ambaci kuka muryoyi su gwaru, in an ambaci gudu su yi sauri, har amsa-amon da Petrarca ya sha wahalar jerawa yakan ɓace a tsakanin muryoyin da ke shiga cikin juna.